Daga Tsayin Jiki Zuwa Tamojin Fuska: Yadda Hoton Fina-finan Amitabh Bachchan Ya Sauya Cikin Shekaru Hamsin

A watan Yunin 2025, a bikin tsofaffin fina-finai da ake yi duk shekara a birnin Bologna na ƙasar Italiya, an haska Sholay, fim ɗin Indiya da Amitabh Bachchan ya fito a ciki, a babban dandalin garin bayan an yi masa gyara na musamman, daidai lokacin da fim ɗin ke cika shekara 50 da fitowa. Wanda ya san Sholay ta kaset ko ta faifan CD, idan ya ci karo da wannan gyararren kwafi, zai tsaya yana tantama, domin launin ya fi wanda ya saba gani kauri, allon ya fi faɗi, kuma ƙarshen labarin ba shi ne wanda ya haddace tun yana yaro ba. Shekara guda kafin haka, a cikin fim ɗin Kalki 2898 AD, masu kallo sun ga Amitabh Bachchan, yana da shekara 81, an mayar da shi basamuden da ya kere kowa tsawo, a wani wurin kuma an mayar da shi saurayi. Tsakanin waɗannan hotuna biyu akwai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta: me ya sa fina-finan mutum ɗaya suke da kamanni daban-daban haka, kuma wanne ne daga cikin hotunan da muka gani ya dace da abin da masu aikin suka yi nufi?

Me ake nufi da salon hoto

Idan masu sharhin fim suka ce salon hoto, suna nufin duk wata shawara da aka yanke game da abin da ido zai gani, ban da labari da zantuka. Akwai haske, wato daga ina yake zuwa da kuma wane ɓangare na fuska aka bari cikin inuwa. Akwai launi. Akwai siffar allo, ko mai kusan murabba'i irin na tsohuwar talabijin, ko mai faɗi wanda tsawonsa a kwance ya ninka na tsaye fiye da sau biyu. Sai kuma nisan kyamara da jarumi, da tsayin da aka ajiye ta, da motsinta, da saurin yanka hoto a haɗa shi da wani, da wurin ɗauka, da sutura da kwalliya.

Jarumi ba shi ke yanke yawancin waɗannan shawarwari ba. Aikin darakta ne da mai ɗaukar hoto da mai tsara wuri, kuma a zamanin da ake amfani da zaren fim, har da ma'aikatan ɗakin wanke hoto waɗanda ke daidaita launi da sinadarai. Sai dai jikin jarumi yana tilasta wa waɗannan mutane wasu abubuwa. Bachchan, wanda aka haifa a Allahabad ranar 11 ga Oktoban 1942, dogo ne da ya haura ƙafa shida, mai dogayen ƙafafu da siririn jiki a ƙuruciyarsa, kuma tarihin hoton fina-finansa kusan tarihi ne na yadda masu kyamara suka yi da wannan tsayin: farko suka rasa inda za su ajiye shi, daga baya suka mai da shi jarinsu, sannan da girma ya zo suka bar shi suka koma kan fuska.

Farawa a ƙananan ɗakuna

Fim ɗinsa na farko a matsayin ɗan wasa, Saat Hindustani na 1969, baƙi-da-fari ne, kuma shi ɗaya ne daga cikin mutum bakwai. A Anand na 1971, inda ya fito a likita tare da Rajesh Khanna, darakta Hrishikesh Mukherjee ya ajiye kyamara daidai idon mutum, cikin ɗakunan masu matsakaicin hali, da haske mara hayaniya. Mukherjee ya daɗe yana aikin yanka da haɗa hoto kafin ya zama darakta, shi ya sa ba ya ɗaukar abin da ba zai yi amfani da shi ba. A irin waɗannan fina-finai ana yawan ganin Bachchan a zaune, ko a jingine, ko a bayan wani, kamar ana neman rage masa tsawo domin ya shiga allo tare da abokan wasansa.

Shekarun fushi

Da Zanjeer na Prakash Mehra ya fito a 1973, sai lissafin ya juya. Marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, sun ƙirƙiro wani irin jarumi mai ƙarancin magana da yawan fushi, kuma irin wannan mutum yana buƙatar a gan shi tsaye. Kyamara ta sauko ƙasa tana kallonsa sama, ta ja da baya domin a ga dukan jikinsa lokacin da yake tafiya ko yake kai shuri. Lokacin kuwa Indiya na cikin tsadar rayuwa da yajin aiki da rashin aikin yi, abin da ya kai ga dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta kafa daga Yunin 1975 zuwa Maris na 1977, don haka wuraren ɗauka ma suka sauya: tashar jiragen ruwa, ɗakunan ajiyar kaya, ƙarƙashin gada, unguwannin marasa galihu na Bambai (Mumbai ta yanzu).

Deewaar na Yash Chopra, wanda ya fito a farkon 1975, shi ne misali mafi bayyana. Jarumin ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, sanye da shuɗiyar riga da aka ƙulle ƙasanta, da igiya rataye a kafaɗa, da lambar aiki mai ɗauke da 786. Bachchan da kansa ya ba da labarin cewa rigar ta zo masa da tsawo fiye da kima, babu kuma lokacin gyara ta, sai aka ƙulle ta, ga shi ƙullin ya zama alamar da matasa suka riƙa kwaikwayo. Wannan ƙaramin labari yana nuna wani abu muhimmi game da zamanin, wato yawancin abin da yau ake kira salo, larura ce ta haifar da shi. A fitowar da ya kulle ƙofar ɗakin ajiya ya fuskanci 'yan daba shi kaɗai, an fara nuna shi a zaune a kan kujera ya miƙe ƙafafu, sannan ya tashi a hankali, kuma tashin nan shi ne dukan barazanar. Kaala Patthar na 1979, wanda aka gina kan hatsarin mahaƙar kwal ta Chasnala da ya halaka ɗaruruwan ma'aikata a ƙarshen 1975, ya kai wannan salo matuƙa, da baƙin ƙura a fuska da ƙarancin launi.

Larurar da ake magana tana da tushe a tattalin arziki. Ɗanyen zaren fim mai launi daga waje ake shigo da shi, daga kamfanoni irin su Kodak na Amurka da Fuji na Japan da ORWO na Jamus ta Gabas, a lokacin da gwamnati ke taƙaita shigo da kaya da kuɗin waje, saboda haka kowane taku na zare kuɗi ne. Manyan jarumai kuma suna yin fina-finai da yawa a lokaci guda, su yi wa wannan aiki da safe, wancan da yamma. A 1978 kaɗai Bachchan ya fito a Don da Trishul da Muqaddar Ka Sikandar da wasu. Mai ɗaukar hoton da aka ba shi jarumi na 'yan sa'o'i ba shi da sukunin tsara inuwa dalla-dalla, sai ya watsa haske ko'ina daidai wa daida domin duk inda jarumin ya taka a gan shi. Maimakon a shimfiɗa wa kyamara layin dogo a tura ta kusa, abin da ke cin lokaci, sai a murɗa gilashinta a zuƙo fuskar cikin sauri. Wannan zuƙowa ta bazata, wadda take zuwa tare da bugun kiɗa idan an faɗi wata babbar magana, ita ce tambarin fina-finan Indiya na wancan lokaci, kuma asalinta neman sauƙi ne kafin ta zama al'ada.

Sholay, wanda ya fita daga sahu

Sholay bai bi wannan hanya ba, kuma dalilin ke nan da ya sa har yau ake ware shi. Ramesh Sippy da mai ɗaukar hotonsa Dwarka Divecha sun tare a tsakanin duwatsun Ramanagara, kusa da Bangalore, inda aka gina ƙauye sukutum domin fim ɗin, aka kuma shafe kusan shekara biyu ana aiki. An ɗauke shi a zare mai faɗin milimita 35, sannan aka faɗaɗa wasu kwafi zuwa milimita 70 a Landan, da sauti mai fitowa daga ɓangarori daban-daban na zauren kallo. Allo mai faɗi yana canza yadda ake tsara hoto. Mutum ba ya cika shi, don haka dole ƙasa da sama da duwatsu su shigo cikin labarin, mahaya dawaki su zama ƙananan ɗigo a bakin tsauni, tazarar da ke tsakanin mutum biyu ta zama magana. Ana ganin tasirin fina-finan kaboyi na Italiya da Amurka a nan ƙarara, kuma masu aikin ba su ɓoye hakan ba.

A cikin wannan faɗin, abin da aka yi da Bachchan ya bambanta da na Deewaar, duk da cewa shekararsu ɗaya. Jai, wanda Bachchan ya fito a matsayinsa, mutum ne mai shiru, ana yawan nuna shi a kishingiɗe ko a gefen allo. Fitowar da aka fi tunawa da shi ita ce wadda yake zaune a ƙofar ɗaki da magariba yana busa ƙaramar sarewar baki, yayin da bazawarar gidan, wadda Jaya Bhaduri ta fito a matsayinta, take bi tana rage fitilun baranda ɗaya bayan ɗaya. Hasken da ake so na tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu ne, wanda ba ya wuce 'yan mintoci, saboda haka aka yi kwanaki ana komawa kan fitowa ɗaya. Fim ɗin da ake yi da jarumin aro na rabin yini ba zai iya wannan ba.

Batun ƙarshen labari kuwa, hukumar tace fina-finai ta lokacin dokar ta-ɓaci ce ta ƙi yarda da ƙarshen farko, inda tsohon ɗan sanda ya kashe ɗan fashin da kansa, aka tilasta a sake ɗauka ta yadda hukuma za ta zo ta kama shi. Gyararren kwafin 2025, wanda gidauniyar Film Heritage Foundation ta yi tare da kamfanin iyalan Sippy, ya dawo da ƙarshen farko.

Furanni da fitilu

Kuskure ne a ɗauka cewa duk shekarun 1970 ƙura ce da gumi. Yash Chopra ɗin da ya yi Deewaar shi ne ya kai Bachchan Kashmir a Kabhi Kabhie na 1976, ya sa masa rigar sanyi a cikin dusar ƙanƙara, sannan a Silsila na 1981 ya kai shi gonakin furanni na ƙasar Holan. A nan haske mai taushi ne, launuka farare da masu sanyi, kyamara tana tafiya a hankali. Manmohan Desai kuma ya bi wata hanyar dabam: a Amar Akbar Anthony na 1977 launuka suna ihu, ja da rawaya da kore, an cika allo da mutane, jarumin yana fitowa daga cikin ƙaton ƙwai da doguwar hula, ko yana maye yana manna wa hotonsa na cikin madubi filasta. Desai yana yi ne domin zauren da ke ɗaukar mutum dubu, inda na kujerar ƙarshe ma dole ya gane abin da ke faruwa ba tare da ya yi ƙoƙari ba. A Yaarana na 1981 har riga mai ƙananan ƙwayayen lantarki aka ɗinka masa ya yi rawa da ita a filin wasa.

Wani abu ya faru a Coolie da ke nuna matsayin da jikinsa ya kai. A watan Yulin 1982, wajen ɗaukar wani faɗa a Bangalore, ya ji mummunan rauni a ciki har ya kusa rasa ransa. Da fim ɗin ya fito a 1983, Desai ya tsayar da hoton cak a daidai wurin, ya sa rubutu a allo yana sanar da masu kallo cewa nan ne jarumin ya ji ciwo, ya kuma sauya ƙarshen labarin domin kada ya mutu. A wannan daƙiƙa, labarin ya ja gefe ya ba mutumin wuri.

Zuwan bidiyo da neman sabuwar kama

Talabijin mai launi ta shigo Indiya a 1982, tare da gasar wasannin Asiya da aka yi a Delhi, kuma na'urar bidiyo ta biyo baya. Iyalai masu hali suka rage zuwa sinima, kuɗin shiga ya ragu, ingancin hoto ya bi shi. Bachchan ya shiga siyasa, ya ci kujerar majalisa daga Allahabad a 1984, ya ajiye ta a 1987. Da ya dawo, sai aka koma dogaro da sutura wajen yin abin da a da tsayuwarsa kaɗai take yi, kamar baƙar rigar fata mai hannun ƙarfe ta Shahenshah a 1988.

Wanda ya kawo sabon ido a wannan tsakani shi ne Mukul Anand. A Agneepath na 1990 ya sa masa kwalli da fararen kwat, ya yi amfani da hayaƙi da hasken da ke fitowa daga bayan mutum, ya karkata kyamara, ya bar rabin fuska cikin duhu. A Khuda Gawah na 1992 ya kai tawagarsa Afganistan, ya ɗauki mahaya suna wasan buzkashi, wato rige-rigen ƙwace gawar akuya a kan dawaki, a fili mai faɗi. Agneepath bai yi kasuwa sosai ba a lokacinsa, amma ya kawo wa Bachchan lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon jarumi karo na farko. Sauran shekarun 1990 ba su da abin faɗa mai yawa ta fuskar hoto: an ci gaba da rina masa gashi ana ɗaukarsa kamar ɗan shekara talatin, idon mai kallo kuwa bai yarda ba.

Farin gemu

Shekarar 2000 ce ta raba tarihin biyu. A watan Yulinta ya fara gabatar da shirin kacici-kacici na Kaun Banega Crorepati a talabijin, inda miliyoyin gidaje suka saba da ganin fuskarsa kusa-kusa, a zaune, cikin kwat, ba tare da an ɓoye shekarunsa ba. A shekarar ce kuma Mohabbatein ya fito, sai Kabhi Khushi Kabhie Gham a 2001. Duniyar da ke bayan waɗannan fina-finai ta sauya: Indiya ta buɗe kasuwarta a 1991, gwamnati ta amince da harkar fim a matsayin masana'anta a 1998 wanda ya share hanyar samun bashin banki, gidajen sinima masu zaure da yawa sun fara buɗewa tun daga Delhi a 1997, kuma Indiyawa mazauna Ingila da Amurka sun zama kasuwa mai tsoka. Hoton ya bi kuɗin. Makarantar Mohabbatein da gidan attajirin Kabhi Khushi Kabhie Gham duk tsofaffin gidajen sarauta ne na Ingila aka ɗauka daga waje, komai yana sheƙi, babu ƙura ko ɗaya. Tsayin Bachchan ya dawo da wata ma'ana: yanzu shi ne uba ko shugaban makaranta da ke tsaye a saman matakala, wato shi ne hukumar da a da yake yi wa tawaye.

Zaurukan kallo ƙanana sun ba da damar yin fim domin mutane kaɗan masu biyan kuɗi da yawa, kuma a nan ne aka fara gwaji da duhu. A 2005 fina-finai biyu suka fito da suka nuna haka. A Black, Sanjay Leela Bhansali da mai ɗaukar hoto Ravi K. Chandran sun kusa cire launi gaba ɗaya, suka bar baƙi da fari da toka-toka, da haske mai ratsowa ta dogayen tagogi, domin labarin yarinya ce makauniya kuma kurma. A Sarkar, Ram Gopal Varma ya rina hoton ya koma ruwan ƙasa, ya matso da kyamara har fuska ta cika allo, wani lokaci hannu kaɗai ake gani ko ido ɗaya, ko mutumin yana kurɓar shayi daga faranti. Jarumin da a da ake ja da baya domin a ga shurinsa, yanzu ɗaga yatsa ya ishe shi. A daidai wannan lokaci ne aka fara shigar da hoton zare cikin kwamfuta a daidaita launinsa kafin a buga kwafi, abin da ya ba darakta ikon rina fim gaba ɗaya da launi guda.

Yana da kyau a lura cewa da yawa daga cikin daraktocin da suka yi aiki da shi bayan 2000, irin su R. Balki da Shoojit Sircar da Rakeysh Omprakash Mehra, daga harkar talla suka fito, inda ake kashe yini guda a kan hoton daƙiƙa talatin.

Zamanin dijital

Kodak ta shiga matsalar karayar arziki a 2012, Fujifilm ta daina yin zaren ɗaukar fim a 2013, kuma cikin 'yan shekaru masana'antar Indiya ta koma kyamarar dijital kusan baki ɗaya. Irin wannan kyamara tana gani a ƙaramin haske, ba ta cin zare, don haka ana iya ɗauka a cikin gida na gaske ko cikin mota. Piku na 2015 haka yake: tsoho mai tumbi da hular sanyi yana gardama da 'yarsa a hanyar Delhi zuwa Kolkata, cikin hasken da bai yi kama da an tsara shi ba. Tun kafin nan, a Paa na 2009, an lulluɓe masa kai da fuska da roba ya fito a yaro ɗan shekara 12 mai cutar tsufa da wuri, inda P. C. Sreeram ya riƙa ɗaukarsa daga sama da kuma ta kusurwoyin da za su sa ya ƙanƙance a gaban ɗansa na cikinsa, Abhishek, wanda ya fito a mahaifinsa. A Gulabo Sitabo, wanda annobar korona ta sa aka sake shi kai tsaye a Amazon Prime Video a Yunin 2020, ya fito a ranƙwafe da ƙaton hanci da tabarau mai kauri a wani tsohon gida na Lucknow. Cikin shekaru goma, aikin masu kyamara ya zama ɓoye tsayin da ya yi masa suna. Kalki 2898 AD ne ya dawo da shi, amma wannan karon kwamfuta ce ta ƙara masa, kamar yadda ita ce ta zana fuskar ƙuruciyarsa.

Inda ake saɓani

Masu fifita hoton da suna cewa zaren fim yana da ƙwayoyi da ɗumin launi da suke sa fata ta yi kama da fata, kuma jirgin ƙasa da dawakan Sholay na gaske ne, nauyinsu yana isa ga mai kallo. Masu fifita na yanzu suna amsawa da cewa ana auna zamanin da ne da fina-finai huɗu ko biyar mafiya kyau, alhali yawancin sauran an yi su cikin gaggawa da haske mara tsari. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai ta biyun ta fi ƙarfi idan ana maganar matsakaicin fim, ta farkon kuma ta fi ƙarfi idan ana maganar faɗa da manyan fitowa, inda zanen kwamfuta yakan tsufa da wuri.

Saɓani na biyu ya shafi gyaran tsofaffin fina-finai. Zaren launi na shekarun 1960 da 1970 yana da aibi sananne: rininsa kala uku ne, kuma shuɗi-shuɗin da rawayan sun fi saurin koɗewa, shi ya sa tsohon kwafi yake komawa ja-ja. Masu gyara irin na gidauniyar Film Heritage Foundation da Shivendra Singh Dungarpur ya kafa a 2014 suna bin ƙa'idar mayar da fim yadda ya fito ranar farko, ba tare da ƙari ba. Wasu kuma suna ganin sai an sabunta kafin matasa su kalla, kamar yadda aka mayar da Sholay mai zurfin gani uku, wanda ake kallo da tabarau, a 2014, aikin da Ramesh Sippy ya je kotu domin hana fitarsa bai yi nasara ba. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke goge ƙwayoyin hoto su sulɓe fuska, har su ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba. Wannan ya haɗu da tambayar wa ke da ikon mallakar kamannin jarumi. A Nuwamban 2022 babbar kotun Delhi ta ba da umarnin wucin gadi da ya hana amfani da suna da hoto da muryar Bachchan ba da izininsa ba.

Abin da ya iso ga mai kallo a ƙasar Hausa

Fina-finan Indiya sun daɗe a ƙasar Hausa, tun lokacin da 'yan kasuwa Kwarori suke kawo su gidajen sinima irin su Plaza da Orion da El Dorado a Kano. Amma kwafin da ke isowa sau da yawa ya riga ya zaga garuruwa, ya karce, ya fara koɗewa. Da aka koma kaset, sai aka datse gefe da gefen allo mai faɗi domin ya cika talabijin, wanda ke nufin kusan kashi biyu cikin biyar na hoton ya tafi, kuma kowane kwafi da aka yi daga wani kwafin yana ƙara dusashewa. Saboda haka jan launi da hazon da mutane da yawa suke dangantawa da tsohon fim ɗin Indiya, har suke kewarsa, yawancinsa kamannin kwafin ne, ba abin da Divecha ya gani ta cikin kyamararsa ba.

A yau hanyar ta koma waya. Fim ɗin da aka fassara da Hausa, aka matse shi domin ya shiga ƙaramin katin ajiya, aka kuma ɗora masa tambari da tallan mai fassara, yana rasa abubuwa daban-daban gwargwadon zamaninsa. Matsewa ta fi cutar da wurare masu duhu, don haka inuwar Black da Sarkar takan farfashe ta zama dabbare-dabbare. Launukan Desai masu ƙarfi suna jure ƙaramin allo, haka ma fuskokin Piku da aka ɗauka kusa. Wanda ya fi asara shi ne hoton nesa na Sholay, inda mahayin da ya kamata a hango yana gangarowa daga dutse yake ɓacewa gaba ɗaya.

Masu shirya fina-finan Hausa, waɗanda suka ari abubuwa da dama daga Indiya, musamman waƙa a lambu da zuƙo fuska lokacin tashin hankali, suna da nasu rabon a wannan batu ta wajen ajiya. Sholay, da duk sunansa da kuɗin da ke bayansa, asalin zarensa ya lalace har sai da aka nemo wasu kwafi a Landan da Bambai kafin gyaran ya yiwu. Fina-finan Kano na farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, kuma kaset ya fi zaren fim saurin mutuwa, musamman a ɗakin da zafi da ƙurar hunturu suke shiga, ga na'urorin da za su iya karanta shi suna ƙarewa a kasuwa.